Shekarar da Na Ɗaure Fatura

Jiya bayan la'asar aka ɗan yi yayyafi a Zahir, unguwarmu a nan Makka. Ba wani ruwan kirki ba, irin wanda zai ɓata maka gilashin mota ya kama gabansa, amma yaran unguwa sun fito suna tsalle kamar an raba musu riyal ɗari-ɗari. Azumin bana kuwa, in dai gaskiya za a faɗa, sai mun ji kunya wajen karɓar ladansa. Mutum ya wuni ko ƙishirwa bai ji ba, a kira magariba yana cewa har an yi? Ina tsaye a taga ina shaƙar ƙamshin ƙasa, sai waya ta yi ƙara a aljihu. Saƙon banki ne, an cire kuɗin wuta na wannan wata. Na duba na mayar. Zulai, matata, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Abu Yasir, ka karanta har ƙasa?" Na ce na karanta. Shekara bakwai ke nan duk wata sai ta yi min wannan tambayar, kuma ban taɓa samun bakin cewa ta daina ba.

Bari in faro daga tushe. Ni haifaffen garin nan ne. Kakana ne ya tako da ƙafarsa daga ƙasar Haɗeja, ya zo hajji ya ƙi komawa. Ina da ɗan shago a kasuwar Mansur, darduma, carbi, turare, jallabiya, irin tsarabar da alhaji zai saya bayan ya yi rantsuwa sau tara cewa a Madina ya gan ta a rabin kuɗi. To mu cinikinmu wata yake bi. Ramadan ya zo a samu, aikin hajji ya zo a samu, ragowar shekara a kori ƙuda. Ita kuwa fatura, takardar kuɗin wuta, rana take bi. Babu ruwanta da Rajab ko Sha'aban, ita dai in an yi zafi ta kumbura, in an yi sanyi ta sace. Su biyun nan, wata da rana, ba su taɓa zama sun shirya a kan aljihuna ba.

Lokacin sanyi fatura takan zo ɗari da 'yan kai, har in riƙa nuna wa mutane kamar sakamakon jarrabawar ɗana. Da zafi kuwa sai na zauna nake buɗe ta. Saboda haka Zulai ta kafa dokarta, kuma doka ce irin ta soja. Da rana mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya tak ake kunnawa a gidan, na ɗakin Inna, mahaifiyata. Daga azahar zuwa la'asar duk mu tattara a can, ni da ita da yara biyu, su Yasir, kowa ya nemi inda zai miƙe ƙafa. Mukayyif ɗin tsoho ne irin na taga, marigayi babanmu ya saya tun ina makaranta, in ya tashi ruri sai ka ce bas ɗin tashar Kudai ce ta shigo ɗaki. Amma yana sanyi, kuma Inna ba ta barci sai da rurinsa.

Inna a lokacin ta haura tamanin, ga hawan jini, ga ƙirji da ba ya son zafi. Abu ɗaya take so a duniya, kuma duk wanda ya santa ya san shi: ta mutu a Makka. Ba a binne ta kawai ba, a'a, ran ya fita a nan. Bikin jikarta aka yi a Jidda, ta ƙi kwana, sai da aka dawo da ita a ranar. Cewa take, "A goye aka shigo da ni garin nan, a kafaɗa za a fitar da ni daga ɗakin nan." Yayata Rabi tana aure a Ɗa'if, can saman dutse inda iska ke da hankali, ta yi shekaru tana roƙo a ba ta Inna ko da na watannin zafi. Ni ne nake tare ƙofa. Ni ne auta, kuma ni na ce wa Inna muddin ina numfashi ɗakinta ba zai yi zafi ba.

Wata rana da sanyi, muna shan shayi a ƙofar shago, maƙwabcina Hamza mai sayar da agogo ya ba ni labarin wani tsari. Ya ce, "Ya shaikh, suna duba abin da ka sha bara, su raba shi goma sha biyu, banki ya riƙa cirewa da kansa kowane wata, kuɗi ɗaya, zafi ko sanyi." Wallahi ya ci gaba da magana, na ga bakinsa yana motsi, daga baya ya rantse min ya ce ya faɗa min duk wata shida suna sake lissafi. Na yarda ya faɗa. Ni dai daga "kuɗi ɗaya, zafi ko sanyi" kunnena ya rufe shago ya tafi gida. Kafin shayin ya huce na shiga tsarin ta waya. Suka yanke min ɗari uku da hamsin. Ban tsaya na tuna cewa wannan ɗari uku da hamsin ɗin gumin Zulai ne da dokarta ba.

Na shiga gida kamar wanda ya ci yaƙi.

"Zulai, daga yau an soke doka. Na ɗaure fatura."

"Ka ɗaure ta da me?"

"Da ilimi. Ɗari uku da hamsin ne, ko mun kunna wa kyankyasai nasu mukayyif ɗin."

"To wanda muka sha ya wuce haka, wa zai biya?"

"Babu wani ya wuce. An ɗaure, na ce miki."

Ta dube ni ta ce, "Kawunka ne mai kamfanin?"

Na ce mata matsalarta ke nan, ba ta yarda da ci gaba ba. Inna tana jin mu daga ɗaki ta ce, "Auta, ka dai bi a hankali." Na ce, "Inna, bana sai kin nemi bargo a watan bakwai."

Azumin shekarar nan a bakin zafi ya faɗo. Wanda bai yi shi ba ba zai gane ba. Ƙarfe tara na safe iska ta riga ta zama irin wadda ke fitowa daga tandar mai burodin tamis. Ruwan famfo daga tankin saman bene yake saukowa, da azahar in ka tara hannu sai ka nemi ganyen shayi. Zulai tun da asuba take cika robobi ta jera a banɗaki su huce, da su ake alwala da wanka har yamma. Ƙofar mota sai da gefen riga ake kama ta. Tattabarun unguwa suna laɓe a inuwar mukayyif ɗin mutane, baki buɗe, suna jiran ɗigon ruwan da ke zuba. Ni kuwa ina shago tun hantsi, harshe kamar busasshen fata, ina yi wa alhazai rantsuwa a kan darduma da sauran yawun da ya rage min. In na dawo kafin magariba, Zulai na gaban wuta, sambusa a mai, miyar shorba a tukunya, kunun tsamiya na Inna a gefe, gumi na bin haɓarta. Sai in bi ɗaki-ɗaki ina kunna mukayyif, huɗu ne a gidan, in tsaya a tsakiya in buɗe hannu kamar mai gidan sarauta.

Ran biyar ga azumi baƙi suka sauka. A gidanmu akwai ƙa'ida tun ta kaka: duk wanda ya zo daga gida don Ɗakin Allah, ya ƙwanƙwasa ƙofarmu, ɗakin baƙi nasa ne. Ba a tambayarsa yaushe zai tafi, ba a yi masa maganar kuɗi, ko da wasa. Baffa Isa ne, ɗan ƙanen kakana, dattijo mai farin gemu da sanyin magana, da abokan tafiyarsa biyu. Na shigar da su ɗakin, na murɗa mukayyif har ƙarshe, kuma saboda bakina ba ya zama lafiya na ce, "Baffa, nan ba a ɗauke wuta, kuma kuɗinta a ɗaure yake. Wannan na'urar kada wanda ya kashe ta. Ku sha sanyi har ku koma da shi tsaraba."

Baffa ya ce, "To, mai gida ya faɗa."

Kwana uku bayan haka Zulai ta ja ni gefe ta ce in je in leƙa baƙina. Na je. Dattawa uku a zaune, kowa ya ƙudundune cikin bargo, ɗaya har da hular sanyi, suna jan carbi. Mukayyif na ta aiki. Taga kuwa a wangale, duka ɓangare biyu, zafin Makka na shigowa da sallama. Ashe sanyin ya fi ƙarfinsu. Mai gida ya ce kada a kashe, su kuma ba za su taɓa na'urar mutane su karya maganarsa ba. Sai suka yi shawara suka buɗe taga, a cewar Baffa, don a ɗan surka. In za su tafi Harami kuma haka suke barin komai, fitila, fanka, mukayyif, taga. Ban ga laifinsu ba. A inda suka fito ba mutum ke kashe wuta ba, ita ke tafiya da kanta in ta ga dama.

Zulai ta ce, "Sai ka faɗa musu."

Na ce, "Yanzu kuwa."

Na koma na zauna, na gyara murya. Kafin in buɗe baki Baffa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinka. Wallahi ya bar magaji. Yadda ya karɓe ni shekara talatin da suka wuce, haka ka karɓe ni." Idonsa har ya kawo ruwa. Na ji bakina yana cewa, "Baffa, sanyin dai yana isarku ko?" Ya ce alhamdu lillahi. Na fito. Zulai na tsaye a bakin kicin ta ce, "Yaya?" Na ce, "Mun fahimci juna." Ta leƙa ta ga tagar yadda take, ta koma kan sambusarta.

Kwana arba'in suka yi. Kwana arba'in ina sanyaya unguwar Zahir da kuɗina, ina jin har karnukan bayan layi sun yi ƙiba a shekarar nan. Da suka tafi ma ban dawo da doka ba. Me zai sa? Duk wata saƙo na zuwa, layin farko ya ce za a cire ɗari uku da hamsin, in yi murmushi in mayar da waya aljihu. Akwai layi na biyu da na uku a ƙasa. Na ɗauka irin godiyar nan ce da suke yi wa mutum.

Ciniki ya yi kyau a azumin, ya yi kyau a hajji. Da kuɗi suka shigo na yi abin da kowane ɗan Mansur yake yi. Na sari kayan baɗi tun suna da araha, na cika shago har rufi. Muharram na kamawa na biya hayar gida da ta shago, don masu gidajen namu da wata suke lissafi, ran ɗaya ga wata suna bakin ƙofa. Abin da ya rage a asusu bai kai ɗari bakwai ba. Ban damu ba. Na san abin da ke jirana duk wata, ɗari uku da hamsin.

Sai alhazai suka watse. Mansur ta yi tsit, kana iya shimfiɗa darduma a tsakiyar titi ka yi barci. Amma zafi ko gezau, don shi bai san an gama hajji ba. A wannan makon saƙo ya zo, kuma a karon farko layin farko ne ya canza. Sun sake lissafi. Abin da na sha ya ɗara abin da na biya da dubu huɗu da ɗari biyu. Sabon abin cirewa duk wata, ɗari tara. Banki ya je cirewa ya tarar babu, ya sake komawa ya tarar babu. Sai tsarin ya warware, kuɗin duka suka faɗo a kaina lokaci guda, da wa'adin yanke wuta.

Na je ofishinsu. Na ɗauki lamba na zauna cikin wani sanyi da na yi zargin da kuɗina ake yin sa. Wanda na samu saurayi ne mai ladabi, har da ce min ammi, wato baffa. Na fara da wasa, don da wasa na saba fita daga kowane rami. Na ce masa ina ganin mitata ta haɗu da ta filin jirgi. Ya yi murmushi, ya juyo min da allon kwamfutarsa, ya bi da yatsa wata-wata. Ya ce, "Ammi, kowane wata mun rubuta maka abin da ka sha da abin da ya taru. Ga shi nan a ƙasan saƙon." Na ciro wayata na duba. Yana nan. Wata shida yana nan yana kallona. Ya ce in na kawo rabi za a raba min sauran. Rabi, dubu biyu da ɗari. Na ce masa in kawo darduma ɗari fa? Ya yi dariya, ya danna lamba ta gaba.

Na bi Mansur shago-shago. Kowa hayar Muharram ta kwashe shi, kowa ya zuba kuɗinsa a kaya kamar ni. Hamza ya buɗe min aljihun teburinsa, riyal tamanin da batirin agogo. Na sa kaya a faɗuwa, babu mai saye, wa zai sayi carbi dozin goma a watan da babu baƙo? Motata kuwa, in ka ba mutum kyauta sai ya nemi ka cika masa kuɗin gyara. Awarwaron Zulai tun buɗe shago suka tafi. Mutum ɗaya na san zai iya taimakona, Yaya Rabi, kuma ita ce mutum ɗaya da ba zan iya kira ba, don na san da me za ta zo, na san da wa za ta koma.

Muka dawo kan dokar Zulai, har muka wuce ta. Aka kashe komai sai firji da ɗakin Inna. Yara muka tura gidan kakanninsu a Kudai. Ni da Zulai muna kwana a ƙasan tayil da jiƙaƙƙen zane. Inna ba mu gaya mata ba. Amma tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana riƙe gida ba a ɓoye mata shirun gida.

"Auta, me ya sa gidan ya yi tsit?"

"Hutu muka ba na'urorin, Inna. Sun yi aikin hajji, sun gaji."

"Uhm," ta ce.

Ashe ta ji mu muna lissafi a kicin. Ashe kullum in na fita shago, Zulai ta shiga aiki, sai ta lallaɓa ta kashe mukayyif ɗinta, ta ja ƙofa, ta zauna da mafici da tawul mai ruwa, in ta ji motsin dawowata ta kunna. Kwana huɗu tana haka. Ran na biyar Zulai ta lura ba ta jin ruri, ta tura ƙofa bayan azahar ta same ta jingine da bango, mafici ya faɗi, leɓe ya bushe, ba ta amsa kira. Muka kwashe ta sai asibiti. Aka yi mata ƙarin ruwa leda biyu. Likita ya ce zafi ne, kuma ya ce in aka sake, shi ba ya ɗaukar alkawari.

Da ta farfaɗo na zauna a bakin gadon na ce, "Inna, don Allah me ya kai ki?"

Ta ce, "Na ce in rage maka."

"Inna, wanda aka sha an riga an sha. Ko kin kashe ba ya raguwa."

Ta dubi hannunta inda allura take. Ta ce, "To ai ban sani ba."

Na jawo zane na rufe mata ƙafa.

Kwana biyu da dawowarmu gida, ranar Talata da hantsi, wuta ta tafi. Ban ga wanda ya zo ba. Rurin ɗakin Inna ne kawai ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya tsaya. Firji ya yi wani ɗan tari shi ma ya yi shiru. Cikin rabin awa bangon gidan ya fara mayar da zafin da ya haɗiya. Na tsaya a tsakar ɗaki da mafici a kowane hannu ina yi wa Inna fifita, gumi na shiga min ido. Zulai ba ta nemi shawarata ba. Ta ɗauki waya ta shiga kicin, na ji tana cewa, "Yaya, ki zo yau."

Kafin la'asar Yaya Rabi ta iso da motar mijinta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta taɓa bango, ta taɓa goshin Inna, ta buɗe durowa ta fara ninke kaya.

Na ce, "Yaya, kwana biyu ne, zan gyara."

"Da me?"

"Ina da hanyoyi."

"Auta, yau ba ranar zance ba ce." Ta ciro ambulan daga jaka ta ajiye a kan firji. "Dubu ɗaya da ɗari biyar ce, ita ke gare ni. Ka cika ka kai musu. Amma ko sun dawo da ita gobe, Inna sai zafi ya sauka. Ɗari tara duk wata a watannin da ba ka sayar da ko tsinke, ga tsohon bashi. In suka sake yankewa fa?"

Inna tana zaune a bakin gado, ta riga ta yafa mayafinta, carbi a hannu. Ta ce, "Auta, in ajali ya zo min a can fa?"

Na ce, "Haba Inna, ke da za ki yi wa jikan Yasir wanka? Mutuwa ma in ta ga hawan dutsen nan sai ta ce a bari sai an sauko."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ranar da aka yi sanyi ka zo ka ɗauke ni. Ranar, ba washegari ba."

Na ce na yi alkawari. Na riƙe ta muka sauka bene a hankali, matakala ɗaya-ɗaya. A bakin mota ta juya ta dubi wajen da Harami yake, ko da yake daga layinmu ba abin da ake gani sai benaye, ta ɗaga hannu ta yi addu'arta, ta shiga.

Wuta ta dawo bayan kwana biyar. Na koma tsarin, don ba ni da wata hanya, ɗari tara da kason bashi, duk wata banki ya share asusun kamar an yi masa wanka. Muka ci shinkafa da wake har na fara gaishe su da suna. Duk Juma'a Inna ta sa a kira ni.

"Auta, an yi sanyi?"

"Saura kaɗan, Inna."

Da na so in yi mata ƙarya, amma Yaya Rabi na duba zafin Makka a wayarta kafin ta miƙa mata. Safar ya wuce da zafinsa. Kullum da safe sai in fito ƙofar gida in tsaya in ji iska, kamar manomi mai jiran hadari. Ban taɓa sanin mutum zai iya roƙon rana ta yi haƙuri ba sai a shekarar. Sai cikin Rabi'ul Awwal, wata safiyar Litinin, na fito na ji iska ta taɓa min wuya ba ta ƙone ni ba. Na kira Ɗa'if a take. Yaya Rabi ta ce a bari a ga ko zai zauna, kuma Inna na da ganin likita ran Alhamis, in zo Juma'a bayan masallaci. Na ji muryar Inna daga nesa tana cewa wani abu. Na ce to, Juma'a. Kwana huɗu ne.

Zulai ta wanke ɗakin, ta sa turare. Ni na ciro ragar mukayyif na wanke ta da buroshi, na kunna shi na ji rurin nan na kashe.

Ran Laraba bayan azahar Yaya Rabi ta kira. Daga yadda ta ce "Auta" na zauna a kan buhun darduma.

Da motar asibiti muka sauko da gawar Inna washegari, ina zaune a gefenta, muna bin kwanonin dutsen nan ɗaya bayan ɗaya. Cikin motar sanyi ƙalau, har na ji ina neman abin rufa. An yi mata salla a Harami bayan la'asar, an binne ta a Makka. Masu ta'aziyya suna ta cewa ai alhamdu lillahi ta dawo gida, ina cewa haka ne. Ni dai na san abin da ta roƙa, kuma na san ranar da ta ce in zo.

Baffa Isa ya kira daga Haɗeja ya yi gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo. Kafin ya ajiye ya ce, "Har yau ina ba mutane labarin sanyin gidanka. Na ce musu yaron nan ko kashewa ba ya bari a yi." Na ce, "Allah ya sake kawo ku, Baffa." Kuma har zuciyata na faɗa.

Bayan wata shida suka sake lissafi, saƙo ya zo da albishir: shan wutarmu ya ragu sosai, za a rage min abin cirewa. Na san ɗakin da ya ragu. Na koma ofishin na ce su bar shi yadda yake, kada su rage ko riyal. Saurayin ya ce, "Ammi, kuɗinka za su riƙa taruwa a wajenmu a banza." Na ce su taru.

Haka nake biya har yau, da sanyi da zafi. Hamza ya ce ni kaɗai ne mutumin da ya sani yake ba kamfanin wuta ajiya. Jiya da Zulai ta tambaye ni ko na karanta har ƙasa, na karanta. Layin ƙarshe ya ce a 'yan watannin nan kaɗai na tara rarar dubu biyu da wani abu, kuɗin da za su riƙe tsohon mukayyif ɗaya dare da rana, tun daga farkon zafi har ƙarshensa, ba tare da kowa ya yi lissafi a kicin ba. Saura minti goma a sha ruwa, na je na tura ƙofar ɗakin Inna. Zulai ta bar tagar a buɗe tun safe. Labule na motsi, iskar bayan yayyafi na shigowa, mai sanyi, kyauta.